Ina Wanda Aka Ba Ka?

Ranar 26 ga Yulin 2023 labari ya iso daga Yamai cewa sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Mai karanta labarai bai yi tuntuɓen harshe ba. Waɗanda suka kwana suna tsaronsa su ne suka wayi gari suna tsare da shi. Ƙofar ba ta sauya ba, bindigogin ma na jiya ne, kwamandansu Janar Abdourahamane Tchiani kuwa bayan kwana biyu ya fito a talabijin a matsayin mai riƙe da ƙasa. Daga nan sunayensu suka yi ta yawa gwargwadon bakin mai magana. Wani ya ce dogaran fada, wani ya ce masu juyin mulki, masoyan Bazoum suka ce garkuwa ake yi da shi, wasu suka sassauta suka ce ɗaurin talala ne. Ni abin bai zo mini baƙo ba, don a gidan da ake cin tuwo da tsare mutane na girma.

Mijin gwaggona gandiroba ne, Baba muke ce masa. Ya kama aiki tun gidajen yari suna hannun En'e, zamanin da sarki ke da kotunsa da 'yan dokarsa da kurkukunsa. A 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e ta haɗa da nata, aka sauya wa Baba kaki, aka sauya mai biyansa albashi, amma mutanen gari ba su sauya masa suna ba. A bakinsa na fara jin cewa Yari mutum ne, sarauta ce ta wanda sarki ya damƙa wa ɗaurarru. Duk wanda ya ce “gidan yari” ya ambaci mai gida ke nan, ya kuma faɗi wanda za a nema in wani abu ya samu na ciki. Sauran sunayen wurin ba su da wannan. Kurkuku duhu kawai yake tuna maka, gidan kaso da 'yan Nijar suka fi faɗa ma haka, gidan maza kuwa kirari ne na waɗanda suka shiga suka fito suna neman abin taƙama.

Cikin masu ɗamara, gandiroba ne ƙutal. Dogari yana da jar riga da kore da rawani, in ya ce “hattara” har attajiri sai ya kauce. Ɗan sanda ana zaginsa amma ana tsoronsa. Soja ba a magana. Gandiroba kuwa ba a tsoronsa sai an shiga hannunsa, kuma kowa yana ganin shi ba zai taɓa shiga ba. A makaranta yara kan tare ni su ce, “'Yar gandiroba, yau ma gabza kuka ci?” Tsofaffi kan ce ai shi ma ɗaurarre ne, bambancinsu kawai shi yana kwana gida. Amma ranar ziyara za ka ga mai babbar riga ya rusuna a bakin ƙofa da kwanon abinci a hannu yana cewa “yallaɓai”, “ofisa”, “ranka ya daɗe”. Baba kan dawo ya cire takalmi ya ce wa Gwaggo, “Yau na sha yallaɓai. Ta bakin ƙofa ce, ba ta biyo ni gida.”

Ba zan ce mutum ne mai taushi ba. Yana da kulki, kuma ba don ado yake rataya shi ba. Fursunoni kan zo barikinmu su yi shara, su faskara ice, su cika randuna, ba wanda ya taɓa biyansu ko sisi, mu yara muna kiransu “mutanen Baba” kamar wasu barorinsa. Amma akwai abu ɗaya da ba ya wasa da shi, wato ƙirga. Safe da yamma sai an ƙirga kowa, a gwada da abin da ke cikin littafi. In mutum ɗaya ya yi ɓatan dabo, ba ma'aikacin da zai tafi gida. Duk daren da Magariba ta wuce, Isha ta wuce, tuwonsa ya huce a kwano, Gwaggo ba ta aika kowa tambaya, sai dai ta ce, “Lissafi bai cika ba.” Wata rana na ji shi yana yi wa wani sabon ma'aikaci faɗa a zaure, yana cewa, “Kai yaro, wanda aka ba ka, ranar da aka ce ina yake, dole ka fito da shi. Ko shi da ƙafarsa, ko gawarsa da takardar likita. Babu na uku.”

Lokacin ina ganin faɗan aiki ne kawai. Sai da na girma na gane cewa ba tausayi ne ya hana shi sakaci ba. Sanin akwai mai tambaya ne. Akwai alƙalin da ya sa hannu a takarda, akwai na gaba da shi da zai buɗe littafi, akwai ranar da za a ce a kawo wane kotu.

Shi ya sa 1984 ta dame shi. Sojoji sun kifar da gwamnatin Shehu Shagari a ranar ƙarshe ta 1983, aka ajiye shi kansa a wani gida a Legas ana yi masa ɗaurin talala, mataimakinsa Alex Ekwueme kuwa aka kai shi Kirikiri. Gwamnati ɗaya suka yi, amma kalmar da aka zaɓa wa kowannensu ta raba musu wurin kwana. Sai ga Doka ta 2 ta 1984, wadda ta ba da damar a tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Baba ba ɗan siyasa ba ne, bai damu da NPN ko PRP ba, amma na ji yana gunaguni cewa ɗaurarre ya san ranar fitarsa, yana ƙirga wata yana ragewa, shi kuwa tsararre ba shi da abin ƙirgawa. A wurinsa kalmomin biyu ba su taɓa zama ɗaya ba. Da yana raye da ya ga abin da ya fi wannan: a yau kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, ba kotun da ta yanke musu hukunci. Zaman wakafi ake ce masa, kamar ɗan tsayawa ne na jan numfashi, alhali wani ya fi shekarun da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. Ana ƙirga su safe da yamma, lissafi yana cika. Mai cewa “ina wane?” ne babu.

A Agustan 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya wa hukumar suna, gidajen rediyo suka koma cewa “gidan gyaran hali”, gandirobobi suka zama “jami'an gyaran hali”. Ban raina niyyar ba, kuma na san 'ya'yan ma'aikatan yanzu sun huta da irin gorin da na sha. Sai dai sabon sunan yana faɗin abin da ake fata ne, tsohon kuwa yana faɗin mai gidan. In za a bar ni in zaɓa, tsohon zan ɗauka.

Na ce mijin gwaggona, ban ce mahaifina ba, kuma nan ne labarin ya taɓa ni a jika. Ni 'yar riƙo ce. Ban isa shiga firamare ba aka ɗauke ni daga ɗakin Inna aka ba Gwaggo, ƙanwar mahaifina, saboda Allah bai ba ta haihuwa da wuri ba. Ba wanda ya ga aibu a ciki, ni ma ban ce akwai ba. Ɗa na kowa ne, haka ake faɗa, kuma riƙo ya rufa wa marayu da yawa asiri, ya kai 'ya'yan ƙauye makarantar birni, ya ɗinke zumuncin da ya soma yagewa. Kalmar kanta mai daɗi ce. Mariƙiya, uwar riƙo, “ita ta riƙe ni har ta aurar da ni”. Ba a faɗinta sai da godiya.

Gwaggo ba ta zalunce ni ba, irin zaluncin da ake ba da labari. Ban kwana da yunwa ba, ban yi talla ba. Amma da Allah ya buɗe mata haihuwa, sai matsayina ya zame a hankali ba tare da wani ya ce komai ba. Ni ce mai goyo, ni ce mai wanke-wanke, ni ce ke fashin makaranta in yaro ya kwana da zazzaɓi. Sunana bai sauya ba, har yanzu “'yata” take cewa in baƙi sun zo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda zai tambaya. Ni 'yar fari ce, Inna ko sunana ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce wa dangin miji yaya 'yarta take. In mun je gida da Salla takan dube ni sau ɗaya ta kau da kai, ta ce wa Gwaggo, “Sannu da ɗawainiya.” Mahaifina kuwa a ganinsa tambayar ƙanwarsa daidai yake da zarginta. Kunya ta rufe bakin ɗaya, kara ta rufe na ɗayan.

Abin dariya, wanda ya taɓa tambaya shi ne gandiroban. Wata safiya ya dawo daga aikin dare ya tarar da ni a gindin rijiya a lokacin makaranta. Ya tsaya bai ko cire hula ba ya ce wa Gwaggo, “Wannan yarinya ba mu aka ba? In ubanta ya zo ya ce a nuna masa sakamakon jarrabawarta, me za mu nuna masa?” Gwaggo ta ce ai yayanta ba zai taɓa tambaya ba. Ya ce, “To shi ne abin tsoron.” Daga ranar ban ƙara fashi ba. Ban san ko ƙaunata yake yi ba, bai taɓa nunawa ba. Ina jin dai jikinsa ne bai saba da riƙe mutum ba tare da littafi ba.

Da na ga hotunan Rigasa, wannan magana tasa ce ta faɗo mini. A ƙarshen Satumban 2019, wata guda da 'yan kai bayan an raɗa wa gidan yari sabon suna, 'yan sanda suka shiga wani gida a wannan unguwa ta Kaduna suka fito da mutum wajen 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a gadon baya. Cikin 'yan makonni aka buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwa. Ba sato akasarinsu aka yi ba. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗin abinci. Sunan wurin makaranta, mai riƙon malam, abin da ake cewa ana yi kuwa gyaran tarbiyya. Gari duk ya san gidan mari ne, amma uban da ya kai ɗansa cewa yake, “Yana wajen Malam.” Ba na ɗora wa iyayen laifi duka. Wanda bai taɓa ganin ɗansa ya sha ƙwaya ya ɗaga wa uwarsa hannu ba, bai san abin da ke kai mutum wannan ƙofa ba, kuma asibitocin da za a kai irin waɗannan yara ba su taka kara sun karya ba. Amma da zarar an ce “Malam”, tambaya ta zama rashin ladabi. Wa zai ce wa malami ya ɗaga rigar almajiri a duba bayansa? Sunan da aka ba shi ne ya zame masa katanga, ya fi wadda ya gina da bulo tsayi.

Sai kuma masu garkuwa da mutane. Wannan suna ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi. Garkuwa abin kare kai ce, ta fatar da mayaƙi ke tarar mashi da kibiya da ita, har sarauta ce da sarakuna ke naɗa wa wanda suke ganin ya tsaya wa gari. Wanda aka rutsa, ya jawo wani gabansa don kada a harbe shi, shi ne ya yi garkuwa da mutum. Waɗanda suka kwashe yara fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, da waɗanda suka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 suka riƙe na ƙarshen fasinjojin har Oktoba, ba wanda ya rutsa su. Kakanninmu suna da sunan wannan sana'a, ɓarayin mutane, kuma kalmar fansa da muke faɗa yanzu ita ce dai wadda ake faɗa a zamanin bayi. A ƙauyuka ma ba a cewa ko ɗaya. “Mutanen daji” ake cewa, ko “yaran nan”, a sassauta murya, don ba ka san wanda ke kai musu rahoto ba.

Duk wannan fahimta tawa ta tashi a banza ranar da abin ya zo gidanmu. An tare motar da ƙanin mijina yake ciki, aka shiga daji da su. Da wayar ta zo, ina zaune na ji mijina, mutumin da ko shugabansa na ofis ba ya yi wa fadanci, yana cewa, “Ranka ya daɗe, Alhaji, Allah ya ƙara girma, a taimaka a ba mu shi mu ji muryarsa.” Muryar da ke can ba ta wuce ta sa'an ɗansa ba. Yaron ya ce, “Ɗan'uwanku yana hannunmu, muna kula da shi, amma abinci ya ƙare.” Kula. Kalmar da uwa ke faɗa, da ma'aikaciyar jinya ke faɗa. Ban da kuɗin fansa, sai da aka aika katin waya da buhun shinkafa, wai na ciyar da shi.

Wani abu mai ɗaci da na lura da shi a kwanakin nan: duk sanda muka ce ina yake, sai an ba mu shi ya yi magana. Ɓarawon mutane ya fi saurin amsa wannan tambaya a kan wuraren da doka ta kafa, saboda shi in babu murya babu ciniki. Sai dai roƙo muke yi, ba tambaya ba. In ya ga dama ya kashe wayar, ba inda za mu kai ƙara. Alƙalin da ke cewa Baba ya fito da wane ba ya cewa “a taimaka”.

Da Allah ya kuɓutar da ƙanin mijina, ya yi kwanaki ba ya son magana. Da bakinsa ya buɗe, sai muka ji yana cewa “mai gadinmu”. Mai gadinmu ya hana a dake ni, mai gadinmu kan ƙara mana ruwa da dare. Wani yaro ne da aka bar musu da bindiga, ya ce tsawonsa bai fi nata da yawa ba. Surukata ta fusata ta ce, “Kai, kada ka ƙara kiransa mai gadi a gidan nan. Gadin me ya yi maka? Gadin kuɗinsu ya yi.” Ya yi shiru, daga baya ya ce, “Hajiya, to me zan kira shi?” Ba wanda ya ba shi amsa. Mai gadin ƙofarmu yana tsakar gida yana alwala, ya ji komai, bai ɗago kai ba. Shi ma, in an bi ta ɓarawo, sunansa na yanka ba kowa ya sani a layinmu ba. “Maigadi” ake ƙwala masa, kuma a gidan duka shi kaɗai ne ba ya iya fita sai ya nemi izini.

Yanzu ni ma riƙo nake yi. 'Yar ƙanwata ce, ta fari, an kawo ta wurina saboda makaranta. Ranar da aka kawo ta na ja uwarta ɗaki na ce mata, “Ki ajiye mini kunyar nan a bakin ƙofa. 'Yarki ce, ki kira sunanta, ki tambaye ni abin da ta ci, ki ce in turo miki sakamakonta. In kin ga abin da bai yi miki ba, ki zo ki ɗauki abarki, ba zan ce kin raina ni ba.” Ta rufe fuska da mayafi tana cewa, “Haba Yaya, ai ke ma uwarta ce.” Na ce na ji, amma ta yi yadda na ce.

Ta kuwa yi, har ta zarce inda na zata. Abin da ban sani ba sai da na ɗanɗana shi ne, tambaya ba ta da daɗi a kunnen mai riƙo, ko da kuwa shi ya roƙa a yi masa ita. Duk ranar da ta ce “Yaya, na ga kamar ta rame a hoton nan”, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, in ji bakina yana shirin cewa ashe ba a yarda da ni ba, daidai kalmar da Gwaggo za ta faɗa. Mijina ma ya taɓa cewa wannan wane irin riƙo ne da ake bin mutum da bincike kamar ɗan haya. Na ce masa irin na gidan gandiroba ne.

Makon jiya yarinyar ta yi mura. Uwar ta kira ta ce, “Yaya, na ji muryarta ta shaƙe, kun kai ta asibiti kuwa?” Na ce tun jiya. Ta ce wane magani aka ba ta. Na ɗauko kwalbar na karanto mata sunan ina cika ina batsewa. Ta ce to madalla, za ta sake kira bayan La'asar, amma in ba yarinyar wayar ta shiga ɗaki ita kaɗai, ban da ni a kusa.